Kasuwar Anka da Cinikin Yammacin Zamfara

Anka ita ce mazaunin Sarkin Zamfara, kuma a nan ne tsohuwar daular Zamfara ta yada zangonta na ƙarshe. Tun farko sarakunan sun zauna a Dutsi, daga baya suka gina Birnin Zamfara, wanda Gobirawa suka ci da yaƙi a zamanin Sarkin Gobir Babari, wajajen 1760, suka kafa Alƙalawa a ƙasar. Daga nan gidan sarautar ya yi ta ƙaura, ya zauna Kiyawa da wasu garuruwa, har ya tabbata a Anka bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Da aka cire jihar Zamfara daga Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba 1996, Gusau aka ba hedikwata. Anka ta riƙe girman sarauta, domin Sarkin Zamfara na Anka shi ke shugabantar majalisar sarakunan jihar, amma manyan 'yan kasuwa da bankuna da ma'aikatu suna Gusau. Wannan rabo ya girmi jihar kanta. Tun da layin dogo ya iso Gusau da Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920, gyaɗa da auduga suka juya gabas, ciniki ya bi su.

Kasuwar Anka ba ta cin gashin kanta. Ɗaya ce daga cikin jerin kasuwannin mako da ke kan hanyar da ta rabu da babban titin Gusau zuwa Sakkwato a Mayanci, ta ratsa Anka, ta wuce Nasarawar Burkullu a ƙasar Bukkuyum, ta kai Ɗaki Takwas, inda hanya ta rabu biyu: ɗaya ta nufi Gummi, ɗaya ta gangara Zuru a jihar Kebbi. Kowace kasuwa da ranarta, saboda haka ɗan kasuwa ɗaya yakan ci uku ko huɗu a mako, ya haɗa har da ta Talatar Mafara. Ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi sun haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2006, kuma mafi yawansu manoma ne da makiyaya.

Gummi ce ke da tsohon suna a fatauci. A nan Kambarin Barebari suka zauna, wato zuriyar fataken da suka fito daga Borno, waɗanda suka shahara a ƙarni na 19 da kai kaya Gwanja su dawo da goro. Ayarinsu kan ɗauki kanwa da tufafi da kayan fata a kan jakuna, ya bi ta Jega, ya ƙetare kogin Kwara. Da yawansu sun koma Kano daga baya, inda suka zama manyan attajiran goro. Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Anka ya wuce Gummi zuwa Jega, shi ne ya ba yankin fadamar da har yau take ciyar da kasuwa da shinkafa, albasa, rake, dankali da kifi. Shi ne kuma ke kawo ambaliya, kamar wadda ta rushe gidaje masu yawa a Gummi a daminar 2024.

Hatsi ne ƙashin bayan cinikin. Da kaka ta yi, gero da dawa da masara da wake da waken suya sukan shigo daga ƙauyuka a kan babura da amalanken shanu da ƙananan motoci. Manomi yakan zo da rabin buhu ko 'yan tiyoyi, domin ba dukan amfanin gonarsa yake fitarwa ba, sai gwargwadon buƙatar ranar: kuɗin magani, kayan aure, ko biyan bashin taki. 'Yan awo suna zaune a bakin tabarminsu da tiya da mudu, suna saye kaɗan-kaɗan har buhu ya cika, a ɗinke bakinsa, a shafa masa alamar mai shi. Bayansu akwai 'yan sari, masu haɗa lodin babbar mota zuwa Gusau, Sakkwato ko Dawanau ta Kano. Ribar ɗan awo tana cikin tozon tiya. Idan yana saye sai ya tula ta har hatsi na zuba ta gefe, idan yana sayarwa hannunsa ya yi sauƙi. Kowa ya san haka, shi ya sa rigimar awo ce mafi yawan ƙarar da ke zuwa gaban Sarkin Kasuwa. Wanda ke da jari yakan saye da kaka ya kimshe a sito, ya fito da shi da bazara ko tsakiyar damina, lokacin da manomin da ya sayar da arha ya dawo yana neman abin da zai kai gida.

A gefen gari ake kara, inda ake cinikin shanu da tumaki da awaki. A nan dillali ne mai magana. Mai saniya yakan miƙa masa igiya ya koma gefe, mai saye ya taya, dillali ya ce albarka, a yi ta ja har a kai inda za a ce an sallama, sannan a cire la'ada. Aikin dillali bai tsaya ga haɗa ciniki ba. Shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, kuma tun da satar shanu ta yi ƙamari a Zamfara, wannan shaida ta fi la'adar kanta nauyi. Sauran kasuwar sananniya ce ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwar ƙauye a ƙasar Hausa: rumfunan 'yan yadi da 'yan koli, layin maƙera, masu ƙwarya da tukwane, mahauta ƙarƙashin Sarkin Fawa, da 'yan mata masu tallan fura da ƙuli-ƙuli.

Abin da ya bambanta wannan yanki shi ne zinare. An haƙa shi tun zamanin Turawa, amma sai da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a duniya bayan 2008 ne matasa suka bar gona suka faɗa ramuka a Bagega, Sunke, Dareta, Abare da 'Yargalma. Cinikinsa ba ya buƙatar rumfa. Ana fasa dutse, a niƙa shi a inji irin na niƙan hatsi, a wanke garin, a kama zinaren da sinadarin makuri, a ƙona, sannan a auna ɗan abin da ya rage a kan ƙaramin sikeli, giram-giram. Dila ya biya nan take, ya sa a aljihu, daga can kayan ya bi hannu-hannu har ya fita daga ƙasar, galibi zuwa Dubai. Kuɗin da ya rage a gida yana bayyana ne a sabbin babura, kwanon rufi, wayoyin hannu da tsadar nama.

Ta'asar wannan sana'a ta fito fili a 2010, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka gano cewa dutsen da ake niƙawa a tsakar gida cike yake da dalma. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dubbai suka kamu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aikin da bai kai ga Bagega ba sai 2013.

Sai kuma 'yan bindiga. Saboda su ne gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024. A Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya, don a toshe wa mutanen daji hanyar samun kaya. Matakin ya ƙuntata wa ɓarayi na ɗan lokaci, amma talakan da ba shi da wurin sayar da akuyarsa ya fi jin jiki. A farkon Janairun 2022 aka kai wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum hare-haren da suka kashe mutane masu yawa. Dubban masu gudun hijira sun taru a cikin Anka, wasu a harabar sabuwar fadar sarki da ba a gama ginawa ba, kuma babban asibitin garin ya cika da yara masu tamowa a ƙasar da ta saba fitar da hatsi.

Duk wannan yana cikin farashin tiya a yau. Akwai gonakin da aka daina nomawa, akwai harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin su bari a yi girbi, ga kuɗin mota da ya ninka tun cire tallafin mai a 2023. Kasuwa takan watse da wuri, direbobi sukan jira juna su tafi a jere, kuma manyan 'yan sari da yawa sun daina zuwa da kansu, sai su turo kuɗi ta waya wa yaransu, a cire a wurin masu POS. Kasuwannin suna ci har yanzu, amma cikarsu a kowane mako ta dogara ne ga lafiyar hanyar Mayanci zuwa Gummi.