Yadda ake haɗa yumɓu da roba don ƙara mata ƙarfi

Magina a ƙauyukan da ke kewayen Dutse sun daɗe da sanin cewa ƙasa ta fi ƙarko idan aka kwaɓa ta da ciyawa. Masana kimiyya kuwa juya lamarin suka yi: yumɓu suke zubawa a cikin roba.

A ƙarshen shekarun 1980 ne masu bincike na kamfanin Toyota a Japan suka gauraya nailan da wani yumɓu da ake kira montmorillonite.

Yumɓun bai kai kashi 5 cikin 100 ba, amma zafin da robar ke jurewa kafin ta lanƙwashe ya tashi daga digiri 65 zuwa kimanin 150 a ma'aunin Salshiyos.

Asirin dai shi ne yumɓu falle-falle yake, kuma kaurin kowane falle bai wuce nanomita ɗaya ba, wato milimita guda a raba ta gida miliyan.

Sai dai yumɓu na son ruwa, akasarin robobi kuwa ba sa shiri da shi. Don haka akan fara jiƙa shi da wani sinadari mai aiki irin na sabulu, sannan a murza shi cikin narkakkiyar roba har fallayen su watsu.

Ido ba ya ganin ko sun watsu. Da hasken eksire ake auna tazarar da ke tsakaninsu, a kuma duba su da madubin lantarki. Idan suka dunƙule wuri guda, an yi asarar aiki, domin daga nan robar kan fara tsagewa.

Wannan ne ƙalubalen da ke gaban jihar Jigawa, wadda ke da farar ƙasa ta kaolin. Fallayenta a manne suke gam, ba sa kumbura a ruwa. Amma bincike ya nuna cewa sinadarin yuriya, wanda manoma suka sani a matsayin taki, na iya buɗa tazararsu daga nanomita 0.72 zuwa kimanin 1.07.

Amfanin ga masu dabino da riɗi a bayyane yake. A cikin leda irin wannan, dole iska da danshi su yi ta kewaye fallayen kafin su ratsa, don haka kaya kan daɗe ba su lalace ba.

Kafin a kai nan kuma, sai an tace ƙasar daga yashi da tsatsar ƙarfe, aikin da ke buƙatar ruwa mai yawa da wutar lantarki.