Yadda Direba Zai Karɓo Lasinsa In An Dakatar Da Shi

Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929. A zamanin nan gyaɗa da auduga a kan jakuna da raƙuma ake kawo su tasha. Yau mota ta gaje su. Ita ce ke kai hatsi da dabbobi kasuwar Shinkafi. Ita ce ke bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. Magidanta da yawa da tuƙi suke ci da iyalinsu.

To, jarin direba ba mota ba ce kaɗai. Akwai ɗan katin nan da ake kira lasin tuƙi. In babu shi, doka ba ta yarda mutum ya hau titi da mota ba. Ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba.

Hukuma uku ke haɗuwa kafin lasin ya fito. Akwai ofishin haraji na jiha, mai karɓar kuɗi. Akwai ma'aikatan duba motoci, waɗanda ake kira VIO, su ke jarraba direba. Sai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Ita ce ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta buga katin. Babban ofishinta na Jihar Zamfara yana Gusau.

Abu uku ke raba direba da lasinsa. Kada ka gama su wuri ɗaya, don kowane da maganinsa.

Na fari, lasin ya ƙare. Ana yinsa na shekara 3 ko na shekara 5. In wa'adi ya cika, sai ka biya kuɗi a sabunta maka. Wannan ba horo ba ne.

Na biyu, an riƙe lasin a hanya saboda wani laifi. Ma'aikaci zai ba ka takardar laifi. Ka biya tara a asusun gwamnati ta banki, ka kai rasit ofis. Sau da yawa akan zaunar da masu laifi a yi musu wa'azi a kan dokokin hanya, sa'an nan a mayar wa kowa katinsa.

Na uku shi ne mai nauyi, wato an dakatar da lasin. Ma'anarsa an hana ka tuƙi har wani lokaci. Kotu tana da ikon yin haka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ma tana da tsarin maki. Kowane laifi da makinsa. Rashin ɗaura bel maki 2 ne. Waya a hannu ana tuƙi maki 4 ne. Tuƙi cikin maye maki 5 ne. Tuƙin ganganci maki 10 ne, haka kuma lodin da ya wuce ƙa'ida. In makin mutum ya kai 10, gargaɗi ne. In ya kai 15, ana iya dakatar da lasinsa. In ya kai 21, ana iya janye shi. Ka ga ke nan lodin ƙeta sau biyu ya isa ya zaunar da direba a gida.

To, in abin ya same ka, ga yadda za ka yi.

1. Ka karanta takardar da aka ba ka da kyau. Ka san wanda ya dakatar da kai, da dalilinsa, da ranar da horon zai ƙare. In karatunka bai yi ƙarfi ba tukuna, ka kai wa malamin ajinku ya karanta maka.

2. Ka ajiye makullin mota. Wanda aka kama yana tuƙi bayan an hana shi ya ƙara laifi a kan laifi. Ka nemi direba mai lasi ya ja motar, ku raba abin da Allah ya kawo.

3. Ka biya duk tarar da ake bin ka. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi a bakin hanya. Kuɗin da ba shi da rasit kamar ka zuba ruwa a rairayi ne.

4. In kana ganin kotu ba ta yi maka daidai ba, kana da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta gaba. Kada ka yi jinkiri, don ɗaukaka ƙara yana da wa'adi.

5. Ran da horo ya ƙare, ka rubuta takarda zuwa ga hukumar da ta riƙe lasin. Ka sa sunanka, da lambar lasin, da ranar da aka karɓe shi. Ka haɗa da rasit, da takardar hukuncin kotu in akwai. Ka tafi da kanka, kada ka aika.

6. In an ce ka koma makarantar koyon tuƙi, ko VIO ya sake jarraba ka, ko likita ya duba idonka, ka yi. Ba wulakanci ba ne. Rayukan mutane ne a bayanka.

7. In wa'adin lasin ya cika yana hannun hukuma, sai ka sabunta shi kafin ka hau titi.

Akwai tarko ɗaya da za ka guje wa. Wani zai tare ka a tasha ya ce, "Maigida, kawo kuɗi in samo maka sabo da wani suna." Kada ka yarda. Zanen yatsunka yana ajiye a na'urar hukuma. Suna yana sakewa, amma yatsa ba ya sakewa. Abin da irin mutanen nan ke kawowa jabu ne, mai riƙe da jabu kuwa yana tare da sabuwar shari'a.

Direba, haƙurin 'yan watanni ya fi asarar sana'a. In Allah ya sa katinka ya dawo hannunka, ka riƙe shi da kyau. Ka rage gudu, ka rage lodi, ka bar waya sai ka tsaya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Waɗanne hukumomi uku ke haɗuwa kafin lasin ya fito?
2. Mene ne bambancin lasin da ya ƙare da wanda aka dakatar?
3. Direba ya yi tuƙin ganganci, ya kuma yi waya yana tuƙi. Makinsa nawa ke nan?
4. Don me ba a biyan tara a bakin hanya?