Yadda Lokacin Tafiyar Sauti ke Bayyana Ɗumin Teku

Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwan teku, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, amma gudun ba tsayayye ba ne. Ƙarin ɗumi na digiri ɗaya yana ƙara masa wajen mita huɗu a daƙiƙa, gishiri da zurfi ma suna ƙara nasu. Shi ya sa sauti a ruwan Kwara da ke wucewa ta Onitsha ya fi na teku nawa da kusan mita 40 a daƙiƙa, ko da ɗuminsu ɗaya. Jirgin da ya baro teku ya shiga mashigin Bonny zuwa Fatakwal yana auna zurfi ne da lokacin da amon na'urarsa ya ɗauka kafin ya dawo daga ƙasa. In ba a gyara lissafin ba yayin da gishiri ke raguwa, na'urar za ta nuna zurfin da babu shi.

Abin da ke ɓata wa matuƙi awo shi ne masana suka mayar ma'auni. A 1979 Walter Munk da Carl Wunsch suka kawo shawarar a auna ɗumin teku da agogo. Sauti kan yi daƙiƙa 667 kafin ya ratsa kilomita 1,000; in ruwan ya ƙara ɗumi da digiri ɗaya, sai sautin ya iso da wuri da kusan daƙiƙa biyu, ratar da agogon zamani ke kamawa cikin sauƙi. Don gwada wannan dabara, a 1991 aka saki sauti daga kusa da tsibirin Heard a kudancin Tekun Indiya, aka ji shi har gaɓar Amurka.

Mai ja zai ce ai igiyar ruwa ma na tura sauti ko ta ja shi baya, to yaya za a raba ta da ɗumi? Ana aika sautin ne ta fuska biyu a lokaci guda: bambancin lokutan ya nuna igiyar, matsakaicinsu ya nuna ɗumin. Wani kuma zai ce hanyar sautin kanta na lanƙwashewa idan gudun ya sauya. Gaskiya ne, sai dai ƙaramin karkacewa daga hanyar ba ya taɓa lokacin sosai, sauyin gudun ne ke yin aikin. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne agogo na ba da matsakaicin ɗumin dukan hanyar ne kawai, ba ya faɗin inda ruwan ya ɗumama. Don haka dole a haɗa hanyoyi masu yawa da suka gitta juna kafin a zana taswirar ɗumin teku.