Yadda Jemage Ke Auna Hanya da Sauti

Jemage na cikin dabbobi masu shayar da 'ya'yansu nono, kuma a cikinsu shi kaɗai ne ke tashi sama da ƙarfin fikafikansa. Ire-irensa sun haura 1,400 a duniya. Mutane da yawa na ɗaukarsa makaho, alhali yana da ido kuma yana gani. Sai dai ƙananan jemagu masu cin ƙwari, irin waɗanda ke fitowa daga rufin ɗaki da magariba, sun fi dogara da kunne.

Asirin yana cikin tafiyar sauti. A iska mai matsakaicin ɗumi, sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya, kuma idan ya ci karo da bango ko dutse sai ya dawo, abin da ake kira amsa-kuwwa. Kunnen ɗan Adam ba ya rarrabe kuwwa da amsarta sai abin da ta buga ya kai nisan mita 17, domin a nan ne zuwa da dawowa ke ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Jemage ya fi haka nesa ba kusa ba. Yakan saki siririyar ƙara ta baki ko ta hanci, ya saurari dawowarta. Jinkirin amsar ke gaya masa nisa, bambancin yadda ta iso kunnuwansa biyu kuma ya nuna masa ɓangare. Yana matsowa kusa da ƙwaro yana ƙara saurin kiran, har ya kai wajen sau 200 a daƙiƙa kafin ya cafke shi. Yawancin wannan ƙara ba ta shiga kunnen mutum, saboda kaɗawarta ta wuce sau 20,000 a daƙiƙa, inda jin ɗan Adam ya tsaya.

An daɗe kafin a gane haka. A shekarun 1790 Lazzaro Spallanzani na Italiya ya lura jemagun da ba sa gani na kauce wa shinge lafiya lau, Louis Jurine na Jeneba kuma ya nuna da an toshe musu kunne sai su riƙa karo. Donald Griffin da Robert Galambos na Jami'ar Harvard a Amurka ne suka tabbatar da dalilin, wajen 1940, da na'urar da ke kama ƙarar.

Manyan jemagun da ke rataye a bishiyoyi suna cin 'ya'yan itace, galibinsu da ido da hanci suke neman abinci. Miliyoyinsu na taruwa a gandun dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba. Kashe su barkatai asara ce babba, domin su ke kai irin itatuwa wurare masu nisa a cikin kashinsu, kamar yadda ƙananan ke rage wa manomi ƙwarin gona.