Hattara da Kirifto: Adadin da Ke Fuskar Waya Ba Kuɗi Ba Ne

Jama'a, duk wanda yake shirin sayar da fili, ko kwasar adashe, ko cin bashi don ya zuba a kirifto, to ya dakata tukuna. Haka ma uwargidan da aka ce ta kawo kuɗin sarƙarta za a ninka mata kafin wata ya zagayo. Abin da ya faru a watan Afrilun 2025 bai daɗe ba, amma har an fara mantawa. Sababbin dandaloli na ta ɓullowa a WhatsApp da Telegram, suna sabo, alkawari kuwa na jiya ne.

A wannan watan ne CBEX ya durƙushe a Najeriya. Dandali ne da ya yi alkawarin ninka wa mutum kuɗinsa cikin kwana 30, yana cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke yi masa ciniki. Kullum mutum ya buɗe waya sai ya ga adadi na hawa, ya kwana da farin ciki. Da aka zo cirewa sai aka tarar da ƙofa a garƙame. A Ibadan, fusatattun mutane suka afka wa ofishin dandalin suka yi awon gaba da kayan ciki. Hukumar SEC, mai sa ido kan harkar zuba jari, ta ce ba ta taɓa yi wa CBEX rajista ba, EFCC kuma ta shiga bincike. Babban rainin hankalin ya zo daga baya, lokacin da aka ce wa waɗanda abin ya shafa su sake biyan dala 100 ko 200 na tantancewa kafin a sakar musu kuɗinsu.

Ba yau aka fara ba. MMM ta kulle asusun mutane a Disambar 2016. OneCoin, wanda wata 'yar asalin Bulgariya, Ruja Ignatova, ta kafa, ya lamushe wa mutanen duniya kusan dala biliyan 4, alhali ma babu wani kirifto na gaske a cikinsa. Ita kuwa ta yi layar zana tun 2017. Dabarar ɗaya ce: da kuɗin sabon shiga ake biyan tsohon shiga. Wannan ne wurin da ya fi ruɗar mutane, don haka a saurara da kyau. Abokinka da ya nuna maka alat na naira 300,000 ba ƙarya yake yi ba, an biya shi. An biya shi ne don ya nuna maka. Shi ma bai san cewa shi ne tsutsar da aka maƙala a bakin ƙugiya ba. Yakan mayar da uwa da riba ciki, ya jawo ƙaninsa da surukinsa da abokan majalisa, don ana ba shi kamasho a kan kowane kai. Ranar da masu cirewa suka fi masu zubawa yawa, ranar ce za a ce ana gyaran manhaja.

Ban ga laifin masu kwaɗayin shiga ba, kuma wanda ya kira su wawaye bai duba halin da ake ciki ba. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Cikin 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ajiye kuɗinsa a banki ya ga darajarsu ta zube yana kallo. Ga matasa rututu da takardu babu aiki. Ga 'yan kasuwa masu sayo kaya daga waje, waɗanda suka gano cewa USDT, kirifton da aka ɗaure farashinsa da dala, na isa hannun dillali cikin mintoci. Sannan ga Notcoin, wasan dandatsa waya, da ta shiga kasuwa a Mayun 2024, wasu masu dandatsawa suka samu kuɗi na gaske ba tare da sun zuba sisi ba. Daga nan kowa ya duƙufa dandatsa waya, a shago, a aji, a bakin masallaci. Da Hamster Kombat, wani wasan irinsa, ta zo shiga kasuwa a Satumbar wannan shekarar, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Wannan asarar mai sauƙi ce. Illarta ita ce ta saba wa mutane da tunanin cewa kuɗi na fitowa daga waya haka kawai, kuma a wannan gaɓar 'yan damfara suke jira.

To, a ce mutum ya kauce wa 'yan damfara, ya sayi kirifto na gaske. Nan ma da sauran rina a kaba. Bitcoin, babban yayansu, ya kai kusan dala 69,000 a Nuwambar 2021. Bayan shekara ɗaya yana wajen 16,000. Wanda ya zuba miliyan ɗaya a saman tashin, ya koma yana riƙe da ƙasa da dubu 250 a lissafin dala. Gaskiya ne farashin ya sake tashi, ya wuce dala 100,000 a Disambar 2024, ya taɓa 126,000 a farkon Oktobar 2025, kafin ƙarshen Nuwamba kuma ya sauko ƙasa da 90,000. Masu talla tashin kawai suke nunawa. Mai kuɗin da zai iya mantawa da su shekara uku yana iya jira. Mai kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da jarin shago ba zai iya ba. Dole ya sayar ranar da buƙata ta taso, ko nawa kasuwa ta ba shi.

Wannan fa Bitcoin ke nan. Ƙananan sun fi muni. Luna ta haura dala 100 a Afrilun 2022, a watan Mayu ta koma ba ta kai ko santi ɗaya ba, dukiya ta kusan dala biliyan 40 ta ɓace cikin mako guda. Abokiyar tafiyarta, UST, ita ma cewa aka yi ba za ta taɓa barin dala ɗaya ba, amma ta rufta tare da ita. Sunan babban mutum kuma ba garanti ba ne. A Fabrairun 2025 shugaban Ajantina, Javier Milei, ya wallafa saƙo game da wani kirifto mai suna LIBRA, mutane suka yi ca a kai, farashin ya rufta cikin sa'o'i, shi kuwa ya goge saƙonsa.

Akwai wani rami da matasanmu ke faɗawa yanzu, wato fiyucas. Dandali ne ke ba ka damar yin ciniki da ninkin abin da kake da shi. Ka sa naira 100,000, ka zaɓi ninki 20, ka zama kana juya miliyan 2. Farashi ya juya maka baya da kashi 5 cikin ɗari kacal, dubu ɗarinka ta tafi gaba ɗaya, ko da zai dawo bayan minti goma. A kirifto kuwa motsin kashi 5 abu ne na tsakanin Azahar da La'asar. Ranar 10 ga Oktoban 2025, bayan Donald Trump ya yi barazanar ƙarin haraji a kan kayan Sin, irin wannan cinikin na kusan dala biliyan 19 aka share a yini ɗaya. Masu sayar da sigina a Telegram ba sa nuna hoton irin wannan ranar. Wanda ya san inda farashi zai nufa gobe, me zai yi da naira dubu goma taka ta rajista?

Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, idan kuɗin suka tafi babu mai biyan ka. Bankin kasuwanci ya rushe, NDIC na biyan mai ajiya har naira miliyan 5. Kirifto ba ya cikin wannan inshorar. FTX na cikin manyan kasuwannin kirifto na duniya lokacin da ya rushe a Nuwambar 2022, mai shi, Sam Bankman-Fried, yana zaman kaso na shekara 25. Idan ka tura kuɗi adireshin da ba daidai ba, ba sa dawowa. Idan wani ya samu kalmomin sirrin nan 12 ko 24 na asusunka, ya kwashe komai. Dokar zuba jari ta 2025 ta sa kirifto ƙarƙashin kulawar SEC, ta kuma tanadi ɗauri da tara ga masu irin harkar MMM. Sai dai ɗaure ɓarawo daban, dawo da kuɗi daban. Ta fuskar addini ma malamai sun saɓa: tsohon Muftin Masar, Shawki Allam, ya haramta cinikin Bitcoin, majalisar shari'a ta hukumar hannun jarin Maleshiya kuma ta halatta cinikin kadarorin dijital bisa sharuɗɗa. Mutum ya tambayi malamin da ya fahimci harkar kafin ya shiga, ba bayan ya yi asara ba.

Saboda haka, duk wanda ya yi maka alkawarin riba tsayayya, kaza a rana ko kaza a wata, rabu da shi. Kasuwar gaske ba ta da wannan tabbacin. In aka ce sai ka kawo mutane ribarka za ta ƙaru, rabu da shi. Takardar rajistar CAC da suke nunawa shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Sunan dandalin za ka nema a shafin SEC. Kada ka ba kowa kalmomin sirrinka, ko da ya ce shi ma'aikacin kamfanin ne. In ka nace sai ka shiga, ka sa abin da in ya ɓace gidanka ba zai kwana da yunwa ba, kuma kada ka taɓa kuɗin amana.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya daina ƙara ko kwabo. Ya adana hotunan tura kuɗi, da adireshin asusun da ya tura wa, da hirarrakin da aka yi da shi, ya kai ƙara EFCC da SEC. Ya faɗa wa waɗanda ya jawo tun yau, kafin su ƙara zubawa. Nan da 'yan kwanaki wani zai tuntuɓe shi ya ce shi ƙwararre ne wajen ƙwato kuɗin kirifto, a ba shi kafin alƙalami. Kada ya ba shi.