Daga Ina Likita Yake Samo Hujjarsa?

Shekaru da dama, duk yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kayar har ya kai ga suma ko jijjiga, kwinin ake ɗaura masa cikin ƙarin ruwa. Haka manyan likitoci suka koya, haka suka koyar. Sai a 2010 mujallar The Lancet ta wallafa sakamakon wani gwaji mai suna AQUAMAT, wanda aka yi kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya, inda asibitin koyarwa na Ilorin ya shiga. Da ƙuri'a aka raba yaran gida biyu. A ɓangaren da aka bai wa kwinin, kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu. A ɓangaren allurar artesunate, kashi 8.5. A ido tazarar kamar ba wani abu ba ce, amma a kowane yara dubu, kusan 24 ke nan za su koma gida da rai. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta.

To, likitan da ya gama makaranta a 2005, aka tura shi asibitin ƙaramar hukuma, shi kaɗai da marasa lafiya jere a baranda, ta yaya wannan labari zai iske shi? Wannan matsala ce ta haifar da tsarin yin magani bisa hujja, wanda ya yi suna a farkon shekarun 1990 daga Jami'ar McMaster ta Kanada, a hannun irin su David Sackett da Gordon Guyatt. Abin da suke faɗi shi ne kada shekarun likita ko muƙaminsa su zama hujja su kaɗai. A haɗa mafi ingancin binciken da ake da shi, da gogewar likitan, da halin da majinyacin yake ciki har da abin da ya fi so.

Da, neman binciken ma aiki ne, sai a ɗakin karatu na jami'a, inda mujallu kan iso bayan watanni, idan ma sun iso. Intanet ta sauya wannan. Tun 1997 Ɗakin Karatun Likitanci na Ƙasar Amurka ya buɗe rumbunsa na PubMed kyauta ga kowa, kuma yau yana ɗauke da bayanan maƙalu sama da miliyan 35. Sai dai sau da yawa taƙaitaccen bayani kawai za ka gani. Cikakkiyar maƙala sai ka biya daloli. Don haka ne a 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa kai da manyan kamfanonin ɗab'i ta kafa shirin Hinari, wanda ke bai wa jami'o'i da asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar karanta mujallu kyauta ko da rangwame. Ma'aikata ce take rajista, ba mutum ɗaya ba, don haka ɗalibi ko ma'aikaciyar jinya su fara tambaya a ɗakin karatunsu. Akwai kuma African Journals Online, mai tattara mujallun da ake bugawa a nahiyarmu.

Amma PubMed mai tarawa ne, ba alƙali ba. Duk abin da mutum yake so ya gaskata, zai samu maƙalar da ta yi kama da goyon bayansa. Bincike hawa-hawa ne. Rahoton cewa majinyaci ɗaya ya sha magani ya warke yana can ƙasa, domin da yawan cututtuka suna tafiya da kansu. Bin diddigin jama'a masu yawa ya fi shi, amma shi ma yana da ruɗi: wataƙila masu shan maganin dama su ne masu hali, masu cin abinci mai kyau. Gwajin ƙuri'a ne ke toshe wannan kafa, saboda babu wanda ya zaɓi ɓangaren da zai faɗa. A can sama kuwa akwai nazarin da ke tattaro duk gwaje-gwajen da aka yi kan tambaya ɗaya, ya tace su, ya haɗa sakamakonsu. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ba zai ga baƙon abu a nan ba: ba a karɓar magana sai an duba ta hannun wa ta zo, kuma ta hanyoyi nawa.

Wannan tacewa ita ce sana'ar ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993, aka sa mata sunan Archie Cochrane, likita ɗan Sikotland da ya daɗe yana kuka kan yadda ake magani ba tare da gwaji ba. Tambarin ƙungiyar kansa labari ne. Layukan da ke cikinsa sakamakon gwaje-gwaje ne kan yi wa mace mai shirin haihuwar bakwaini allurar da ke nunar da huhun jariri. An wallafa na farko a 1972 daga New Zealand, wasu suka biyo baya, amma yawancinsu ƙanana ne, kowanne shi kaɗai bai isa ya gamsar da kowa ba. Sai kusan shekara ashirin bayan nan, da aka haɗa su wuri ɗaya, ta fito fili cewa allurar mai arha tana ceton jarirai. Hujjar tana nan duk tsawon lokacin, a warwatse. Kowane nazarin Cochrane yana zuwa da taƙaitawa cikin sauƙin harshe, kyauta, kuma da yawa an fassara su zuwa Faransanci, abin da zai amfani 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Reshen Nijeriya yana Kalaba.

Likita a bakin aiki ba shi da lokacin karanta shafi tamanin. Shi ya sa ake da manhajoji irin su UpToDate da BMJ Best Practice, masu taƙaita hukunci cikin minti biyu, sai dai na kuɗi ne. Jagororin Hukumar Lafiya ta Duniya da na ƙungiyar likitocin MSF kyauta ne, ana iya sauke su a waya. Saboda haka idan ka ga likita ya ciro waya yana dubawa kafin ya rubuta wa ɗanka magani, kada ka raina shi. Ni na fi tsoron wanda bai taɓa dubawa ba.

Sai dai hujja ma tana da gari. A Turai da Amurka an saba ɗura wa yaron da cuta ta galabaitar ruwa mai yawa cikin sauri ta jijiya. Da aka gwada wannan kan yara sama da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda da Kenya da Tanzaniya, sakamakon da ya fito a 2011 ya girgiza kowa: waɗanda aka ɗura wa ruwan sun fi mutuwa. Gwajin bai haɗa da yaran da gudawa ta tsotse ba, waɗanda ruwa shi ne maganinsu, amma ya nuna haɗarin kwafo abin da aka tsara don asibiti mai na'urar taimakon numfashi. Dole mu ma mu samar da hujja. A 2023 aka wallafa gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Leda mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa don a auna jinin da ta zubar maimakon kintace da ido, sannan a haɗa mata matakan tsayar da jini lokaci guda, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunan sakamakon zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Gurɓataccen kaya ma ya cika kasuwar. Akwai mujallun bogi da za su buga komai muddin an biya su. Manyan mujallu ma suna tuntuɓe: maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta alaƙanta rigakafin ƙyanda da galahanga bisa yara 12 kacal, sai a 2010 The Lancet ta janye ta, bayan ta riga ta yi ɓarna. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuma sukan ƙago sunan maƙalar da babu ita, su faɗe shi ba ko ɗar.

Don haka idan aka turo maka saƙo a WhatsApp cewa bincike ya tabbatar da wani ganye yana warkar da ciwon suga, tambayi mai turowa: a kan mutane aka gwada ko a kan ɓeraye? Mutum nawa? Da me aka kwatanta shi? Nemi sunan maƙalar da shekararta, ka sa a PubMed. Idan tana nan, duba saman shafin, domin wadda aka janye ana manna mata sanarwa a wurin. Abin da ka samu kuma ka kai wa likitanka ku duba tare kafin ka ajiye maganin da ya rubuta maka.