Ciwon Da Ba Ya Jini: Darasi Daga Kakannin Zimbabuwe

 Yau filin namu zai yi magana ne a kan wani ciwo wanda ba ya jini, ba ya kumburi, amma yana iya kwantar da mace ya hana ta moriyar kanta da ta iyalinta. Watau ciwon da tashin hankali yake bari a zuciya bayan ƙura ta lafa.

Uwargida, duba cikin unguwarku. Da wuya ki rasa wata baiwar Allah wadda ta baro garinsu da gudu saboda 'yan bindiga, ko wadda aka kashe mata miji ko ɗa a gaban idonta, ko wadda ta shekara da shekaru tana shan duka a ɗakin aure. Jikinta ya warke, amma barci ya ƙaurace mata. Ko murfin tukunya ne ya faɗi sai ta zabura, gabanta ya yi ta faɗuwa. Ta daina zuwa biki da suna, abinci ba ya mata daɗi, abu kaɗan sai ta hau yara da faɗa. Ɗanta kuwa da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai ga shi ya koma yi. Mu kuma abin da muka saba cewa shi ne, "Wance ta cika tunani," ko "Iska ce ta taɓa ta," sa'an nan mu ce ta yi haƙuri, mu kama gabanmu.

To, masana kiwon lafiyar jama'a sun ce ba haka ya kamata a ɗauki abin ba. Kin san idan amai da gudawa ya ɓarke a gari, ba a tsayawa ga ba maras lafiya magani kaɗai. Sai ma'aikatan lafiya da duba-gari su bi sawu har rijiyar da ake ɗiban ruwa, su gyara ta, su koya wa kowane gida haɗa ruwan gishiri da sukari. Haka nan tashin hankali da ciwon da yake haifarwa suke bukata. Tun a shekarar 1996 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar cewa tashin hankali babbar matsala ce ta lafiyar jama'a. A 2019 kuma hukumar ta ƙiyasta cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum 1 cikin kowane 5 yana fama da wani nau'i na ciwon damuwa ko taɓuwar hankali. Ta kuma ce kusan mace 1 cikin 3 a duniya ta taɓa gamuwa da duka ko cin zarafi a rayuwarta, galibi daga hannun mijinta ko wanda take tare da shi.

Wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye. Rikicin da ya tashi a Barno a 2009 ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu, waɗansu har Diffa a Nijar, da Cadi da Kamaru. Hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato sun kori dubbai zuwa birane da jihar Maraɗi. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa a duk faɗin Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga mutane sun haura miliyan 200. In an ce sai kowa ya ga likita, yaushe layi zai zo kan matar da ke ƙauye? Wata ƙasa a kudancin Afirka ta gamu da irin wannan tambaya, kuma amsar da ta samu ta cancanci ki ji ta.

Ƙasar ita ce Zimbabuwe. A shekarar 2005 gwamnatin ƙasar ta rushe gidaje da rumfunan talakawa a birane da sunan tsabtace gari. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mutum wajen 700,000 suka rasa muhalli ko sana'a. Ga talauci, ga cutar ƙanjamau tana ɗauke iyaye, ga likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 20 ba. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dakta Dixon Chibanda na birnin Harare. Shi da bakinsa ya ba da labarin wata budurwa da yake dubawa, wadda ta hallaka kanta a gida saboda iyayenta ba su da kuɗin motar da za su maido ta asibiti. Abin ya tsaya masa a rai, ya gane cewa zaman jiran marasa lafiya a asibiti ba zai fisshe su ba, dole magani ya je inda mutane suke.

Kuɗi babu, ma'aikata babu, gini babu. Abin da ya samu shi ne tsofaffin mata 14 waɗanda da ma suke aikin wayar da kai kan lafiya a unguwar Mbare, wata tsohuwar unguwar talakawa a Harare. A 2006 ya fara koya musu aiki, aka kafa benci na katako a harabar ƙaramin asibitin unguwa. Shi ne ake kira Bencin Zumunci. Me ya sa kakanni? Domin kaka ba ta barin unguwa ta tafi neman aiki wani gari, tana da haƙurin saurare, kuma kowa yana ganin girmanta.

Su ma kakannin sun koya wa likita darasi. Suka nuna masa cewa in ya zo da manyan kalmomin asibiti ba wanda zai zauna. A harshensu na Shona ana kiran wannan ciwo "kufungisisa", ma'anarsa yawan tunani. Kin ji fa, daidai da yadda muke faɗa a nan. Da wannan suna aka yi amfani, sai mutane suka daina jin kunyar zuwa, tun da ba wanda ya kira su mahaukata.

Ga yadda aikin yake. Wadda ta zo asibiti za a yi mata tambayoyi 14 game da barcinta, da tunaninta, da yadda take ji a ranta. In an ga alamar damuwa sai a haɗa ta da kaka. Za su zauna a benci har sau 6, kowane zama kamar minti 30 zuwa 45. Da fari kaka takan bar ta ta amayar da abin da ke cikinta, ba katsewa, ba gori. Sa'an nan su jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya, mai damuwar ta zaɓi guda wadda za a fara da ita. Daga nan su yi shawarar hanyoyin fita, ita da kanta ta tsai da abin da za ta yi kafin zama na gaba. Kaka ba ta yanke mata hukunci, ba ta ce mata "yi kaza". Bayan an gama sai ta shiga ƙungiyar waɗanda suka riga ta zama a bencin, suna hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji suna sayarwa. Wadda kuwa aka ga ciwonta ya yi tsanani, nan take ake miƙa ta ga ma'aikatan asibiti.

Kada ki ce ai wannan hira ce kawai. An gwada shi a ƙananan asibitoci 24 na Harare da mutum 573, mafi yawansu mata, aka buga sakamakon a 2016. Bayan wata 6, cikin waɗanda aka yi musu kulawar da aka saba, kusan rabi suna nan da alamun ciwon damuwa. Cikin waɗanda suka zauna a benci kuwa, kimanin 14 ne kacal cikin 100. Daga baya an kai wannan dabara Malawi da Kenya da Zanzibar, har da birnin New York na Amurka.

Mu ma nan gida muna da abin tunawa. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali suke sauka a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana. Ya nuna wa duniya cewa maras lafiya ya fi saurin samun sauƙi a cikin mutane bisa ga a kulle shi.

To uwargida, mene ne naki a ciki? Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ba ki da takardar likita, amma kina da tabarma da kunne. In baƙuwa irin wannan ta sauka kusa da ke, fara da abin da ido yake gani: abinci, sutura, wurin kwana, makarantar yara. Ki riƙa leƙa ta, ki ja ta cikin adashe ko wata 'yar sana'a, domin kaɗaici yana ƙara wa ciwon nan ƙarfi. In ta so magana ki saurara. In ba ta so ba kada ki matsa mata da "ba ni labari, yaya aka yi?" Masana sun gano tilasta wa mutum ya maimaita abin da ya same shi ba ya taimako, yana ma iya fama masa ciwo. Kada ki yi saurin rufe mata baki da "ki yi haƙuri" tun ba ta gama ba. Haƙuri yana da daɗin ji ne bayan an saurari mutum. Abu mafi girma kuwa shi ne riƙon amana. Abin da ta faɗa miki kada ki kai shi bakin rijiya ko gidan kitso. Ranar da sirrinta ya fita, ranar kin ƙara mata wani ciwon a kan na da.

Ki kuma san iyakarki. Yawancin mutane sukan farfaɗo da kansu cikin 'yan makonni in sun sami masu tallafa musu. Amma in an wuce wata guda abin sai gaba yake yi, ko ta daina kula da kanta da jaririnta, ko tana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, to a nufi asibiti. In kuwa ta ambaci cewa gara ta mutu, kada a ɗauka wasa ne, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da duk abin da zai cuce ta, a kai ta a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano, kuma asibitin da ke kusa da ku zai iya tura ku can. Addu'a da magani ba sa karo da juna. Ɗaure mutum da mari ko dukansa kuwa ba magani ba ne. A watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma kare mutuncin masu wannan lalura. A guji sayen ƙwayar barci a kemis ba da izinin likita ba, domin tana iya zama jaraba.

Ku kuma 'yan makaranta, ku lura da ƙawayenku. In yarinya mai fara'a ta koma shiru, tana kuka ba dalili, karatunta ya ja baya, kada ku sa mata suna ko ku yi mata dariya. Ku zauna kusa da ita, ku raka ta wurin malamar da kuka amince da ita. In wani ya ci zarafin ɗayarku, laifin nasa ne, ba nata ba. Ta gaya wa babba, a kai ta asibiti kafin awa 72 su cika, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki.

Daga ƙarshe, mu koma ga rijiya, tun da rigakafi ya fi magani. Ba mu da ikon tsai da 'yan bindiga, amma muna da iko a kan abin da ke faruwa a tsakar gidanmu. Yaron da ya tashi yana ganin ana dukan uwarsa, ko shi ana jibgarsa kullum, yakan girma da tsoro, wani kuma ya ɗauka haka ake zaman duniya, ya yi wa nasa iyalin. Saboda haka a rage bulala, a daina zagi da gori a gaban yara, kuma in ana cutar maƙwabciyarki kada ki ce ba ruwanki, ki sanar da manya da masu unguwa.

Kowace unguwa tamu tana da irin kakannin nan: ungozoma, malamar Islamiyya, tsohuwar da kowa ke kai wa ƙara. Ku ƙungiyoyin mata, ku tuntuɓi shugaban asibitin unguwarku ku nemi a koya wa irin waɗannan iyaye namu wannan aiki, a kuma haɗa su da ma'aikatan da za su riƙa duba su. Mutanen Mbare da mata 14 da benci suka fara.

Sai mun sake saduwa a wannan fili. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.